Daƙiƙa Biyu-Biyu

A Yaba, bene na uku, ɗakin da fankarsa ke tari,
na kunna kwamfutar da batirinta ya tsufa,
na ɗauko dariyar Gwaggo Barira
wadda na naɗa a kasuwar goro ta Agege,
minti huɗu cif, tana ɓare ɗan goro
tana yi wa mai kwando tsiya.

Na sa mata wuƙa.
Umarni ne layi guda a kan baƙin allo,
ya yanka ta daƙiƙa biyu-biyu
yadda mai tsire ke jera tsoka a tsinke.
Kowane yanki na ɗinka masa riga uku:
mai aiki, har ka ƙirga zaren mayafinta,
ta tsaka-tsaki, ta zuwa cefane,
sai 'yar shara, don sa'ar da sabis ya tsuke.

Kayan aikin ban saya ba.
Wasu ne suka ƙera, suka bar maƙerar a buɗe,
ba kwaɗo, ba mai gadi,
wanda ya ga tsatsa ya goge,
wanda ya ga ƙota ta yi sanyi ya ƙara mata ƙusa.
Ban san fuskar ko ɗayansu ba,
amma na san inda hannunsu ya yi gumi.

Ranar Talata muka hau danfo zuwa Obalende.
Folarin ya riƙe waya, ni na riƙe biro.
Kafin gada, Gwaggo na cikin babbar riga,
haƙorin makkanta na ƙyalli.
Muna hawa saman ruwa, daidai hayaƙin Makoko,
sai ta daskare.
Baki buɗe, goro a hannu,
wata 'yar da'ira na juyi a kan hancinta.
Na ƙirga sha ɗaya.
Kwandasta ya leƙo, ya ce wani abu da Yarabanci,
duk motar ta yi dariyar da Gwaggo ta kasa ƙarasawa.

Kwana uku ina bin sawun laifin.
Nefa ta ɗauke, janaretan maƙwabci ya karɓa,
sauro ya ci rabonsa a idon sawuna.
Ashe haɗama ce:
manhajar na ganin hanya ta ɗan buɗe
sai ta aika a kawo mata riga mafi nauyi,
ba ta tuna cewa a Legas
titin da ya sake ka yanzu shi zai riƙe ka anjima.

Na koya mata halin mai fito,
ta soka gora ta ji zurfi kafin ta tura jirgi,
ta ajiye yanki biyar a jaka
kafin ta fara tunanin ado.

Juma'a muka koma, gosulo tun daga Adekunle.
A tsakiyar gada fuskar Gwaggo ta narke,
ta zama ƙananan tubala masu motsi,
mayafin ya koma tabon shuɗi,
amma dariyar ta ƙi yankewa.
Ta bi mu a kan lagun, sirara, ba ta yi tuntuɓe ba,
har muka sauka ta sake saka haƙorinta.
Folarin ya daki kujerar gaba, wata mata ta harare shi.

Gyaran layi tara ne. Na mayar maƙera.
Ƙarfe uku na dare wani ya amsa,
sunansa ya fi ƙarfin harshena:
ya karɓa, amma in gyara waƙafi a layi na shida.

Da na nuna wa Gwaggo, can cikin rumfa inda sabis ke rowa,
ta kanne ido ɗaya, ta nesanta wayar:
"Ke Zulai, wa ya jiƙa ni haka?"
Ta saurara kaɗan.
"Muryar dai tawa ce.
Kuma har yau mutumin nan bai cika min kwandon ba."